Likita Na Amsawa: Targaɗe, Ɗori da Atisaye Cikin Azumi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina buga wa wata ƙungiyar unguwa ƙwallo a Zariya. Na yi targaɗe a idon sawu, abokaina suka ja ƙafar, suka murza ta da man zafi, aka gasa da ruwan zafi. Da gari ya waye sai kumburin ya ƙaru. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sawwaƙe ƙanena. Abokanka taimako suka yi niyya, amma su suka ƙara maka kumburin. A targaɗe, jijiyar da ke riƙe da gaɓa ce ta miƙe fiye da kima ko ta ɗan yage, ƙananan hanyoyin jini suka fashe a ciki. Zafi da murza ƙara buɗe su suke yi. A kwana biyun farko sanyi ake so: naɗe ƙanƙara a tsumma, ka ɗora na minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. In babu ƙanƙara, ruwan leda mai sanyi ma ya wadatar. Ka naɗe wurin da bandeji ba tamau ba, in ka kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjinka tudu.

Amma ka gwada abu biyu yau. Kana iya taku huɗu a kanta, ko da ɗingishi? In an danna ƙashin idon sawun, ba naman gefensa ba, yana zafi sosai? Idan taku ya gagara ko ƙashin na zafi, je asibiti a ɗauki hoto, mai yiwuwa tsagewa ce ko karaya. In ba haka ba, bayan kwana biyu zuwa uku fara motsa ƙafar a hankali, sannan ka riƙa tsayawa a kanta ita kaɗai. Wannan tsayuwar ce 'yan wasa suka fi rainawa, shi ya sa ƙafa ɗaya take ta gurɗe musu duk kakar wasa. Kada ka koma fili sai ka iya sassarfa, tsalle da juyawa ba ciwo.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 11 ya faɗi a wajen ƙwallo, mun kai shi an yi masa ɗori a hannu. Yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, ya kwana yana kuka.

Amsa: Hajiya, don Allah a sassauta ɗaurin yanzu, a kai shi asibiti yau ɗin nan, kada a jira gobe. Ɗaurin ya matse, jini ba ya isa yatsun, kuma cikin 'yan awoyi nama yana iya fara mutuwa. Ta wannan hanya yara da dama suka rasa hannu a kan karayar da za ta warke cikin makonni, abin yana ci mini rai ƙwarai. In kuna kusa da Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, in kuwa da nisa, ku fara da babban asibitin da ya fi kusa.

Tambaya: Ni koci ne na yara matasa. Ya zan yi da atisaye in azumi ya zo?

Amsa: Malam, mayar da mai nauyin bayan shan ruwa, ko bayan tarawih. Da la'asar a tsaya ga mai sauƙi. Su sha ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba har sahur, kuma fitsari mai duhu alama ce bai ishe su ba. Kullum a fara da ɗumama jiki. Tsarin ɗumama jiki na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA 11+, minti 20 ne kacal, ba ya buƙatar kayan aiki, kuma yana rage rauni.

Tambaya: Gwiwata na ciwo, sai na sha tramadol kafin wasa nake iya bugawa. Akwai illa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Ƙwayar ɓoye ciwon take yi, kai kuma kana ci gaba da ɓarnar gwiwar ba ka sani ba. Tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, tana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa. In ka daɗe kana sha, kada ka yanke lokaci guda, likita ya rage maka a hankali. Ita kuma gwiwar, in ka taɓa jin ta yi ƙara ta kumbura nan take, ko tana lanƙwashewa in ka juya, likitan ƙashi ya duba jijiyoyin cikinta kafin ka sake ɗaura takalmi.