Fuloti a Gindin Ganuwa: In Saya ko In Haƙura?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ƙasa suka taru, kuma duk daga Katsina. Na zaɓi uku, na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, amma aiki ya zaunar da ni Kaduna shekara 11. Wani dillali, abokin ƙanena, ya turo mini hotunan fulotai da wani kamfani ya yanka jingine da ragowar ganuwa. Ya ce rukunin gidaje za a yi, har da titi da masallaci. Kuɗin bai kai rabin na sauran wurare ba. Yana matsa mini in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, wai saura uku. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka tura ko sisi kafin Juma'ar nan. "Saura uku" tsohuwar waƙar dillalai ce, tun muna yara muke jin ta, kuma ukun nan ba sa ƙarewa. Sayen fili ta hoto cinikin biri a sama ne. Kaduna zuwa Katsina ba tafiyar kwana ba ce, ka zo ka taka wurin da ƙafarka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne arahar. Ruwa ba ya tsami banza. A garin da kowa ke neman wurin sa haƙarƙari, fili ba ya zama rabin kuɗi sai da dalili, kuma a gindin ganuwa dalilin yakan zama ɗaya daga biyu: ko ƙasar ce ke da aibi, ko takardar.

Mu fara da ƙasar. Ganuwa da jar ƙasa aka gina ta, ƙasar kuwa ba daga nesa aka ɗauko ta ba. A nan gefenta aka haƙa, shi ya sa duk inda ganuwa ta bi za ka tarar da rami ko kwari yana biye da ita. Haka kududdufan cikin gari suka samu, wuraren da kakanni suka ɗebi ƙasar tubali ne. Shekara da shekaru ruwan damina a nan yake kwanciya. Da gari ya cika, sai aka riƙa zuba shara a ciki har ya shafe, wani ya kawo tifa goma ta jar ƙasa ya baje a sama, aka kafa duwatsun shaida, ya zama "fuloti". A hoto, da rani, ba ka iya bambanta shi da tudu.

Na ga wannan a gidanmu. Wani ɗan'uwana ya gina ɗaki uku da falo a kan irin wannan ciko, ya kashe abin da ya tara na shekaru. Damina ta biyu ƙofar falon ta daina rufuwa, sai an ɗaga ta da gwiwa. Ta uku bango ya tsage tun daga linta har ƙasa, tsagar da yaransa ke zura hannu suna miƙa wa na waje biredi. Maginin bai ci amanarsa ba, siminti da rodi duk an sa yadda ya kamata. Ƙasar ce ke nutsewa a hankali, don bola ba ta daina ruɓewa.

To ga abin da za ka yi. Ka nemi izini ka sa leburori biyu su haƙa rami mai zurfin ƙafa 5 ko 6 a tsakiyar fulotin, wani kuma a kusurwar da ta fi gangare. Ka tsaya a kansu. In jar ƙasa mai tauri ko marmara ke fitowa, alhamdu lillahi. In kuwa baƙar ƙasa ce mai wari, da leda da toka da tsumma da fasassun kwalabe, ka ga dalilin arahar da idonka. Ana iya gini a kan ciko, amma sai injiniya ya yi gwajin ƙasa ya tsara fandisho na musamman, abin da ka rage a kuɗin fili kuma a nan zai tafi, wataƙila har da ƙari. Kamfanin da ya hana ka haƙa ramin nan ya riga ya ba ka amsa. In da hali ma ka jinkirta har watan Agusta, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi ka ga inda ya kwanta. Ka kuma zauna da tsofaffin unguwar bayan la'asar, kada ka ce saye za ka yi, ka tambaye su kawai me ke wurin nan da. Su ne za su ce maka "ai nan muka koyi iyo", ko "nan ake rufe yara".

Sai takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da kai da ni ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99. A cikin birni sayar da fili ba ya cika sai da amincewar gwamna. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ba ta tsaya a madadin takardar shaidar mallaka ba. Ka ce kamfanin ya ba ka lambar takardarsa da taswirar rukunin da hukumar tsara birane ta jiha ta amince da ita, ka kai su ofishin filaye da kanka ko ta hannun lauyanka, ba ta hannun dillalin ba. Ka ɗauki safiyo naka ya auna ya tabbatar duwatsun da ke ƙasa su ne na cikin taswirar.

Ga kuma inda maganar ganuwa ta bambanta da ta sauran filaye. Ba a taɓa sanin ganuwa a matsayin gonar wani ba, balle ya gada ya sayar. Duk wanda ya ce maka fulotinka ya haɗa da tudun ganuwar, ko ya ce "za mu baje ta mu ƙara maka ƙafa 20", abin da ba nasa ba yake sayar maka. Ranar da hukuma ta waiwayi wurin, doka ta ba gwamna ikon soke izinin fili don amfanin jama'a, diyya kuma a kan gini da shuka ake lissafa ta, ba a kan darajar ƙasar ba. Wanda ya yi gini babu izini kuwa ko wannan ba shi da tabbas a kai.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: ko ƙasa ta yi kyau, takarda ta yi kyau, in fulotin ya ci ganuwar ni ba zan saya ba. Ƙofofin da muke ambato kullum, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar 'Yanɗaka da Turawa suka shigo ta cikinta a 1903, duk ƙofofin wannan bangon ne. Yau yaro na iya wuce ƙofa tsaye ita kaɗai a tsakiyar kwalta ya rasa gane ƙofar mece ce. Ba rana ɗaya aka rushe ganuwar ba, da kwando da amalanke da "ƙafa 20 kawai" aka cinye ta. In rukunin ya bar tazara mai kyau da hanya tsakaninsa da bangon, ka zaɓi fulotin da ya fi nisa da kwarin, ka biya ta banki da sunan kamfanin, ba da sunan abokin ƙanenka ba.

Tambaya: Malam, gidan kakanmu ne a cikin birni, ba nisa da Gobarau, ginin ƙasa mai zaure da soro. Mu magada 14 ne. Wani mai kuɗi yana so ya saya ya rushe ya yi benaye na haya. Yayyena maza sun amince, ni da ƙanwata ba ma so. Muna da ta cewa?

Amsa: Hajiya, kuna da ita ƙwarai. Rabon mace rabin na namiji ne, amma rabonta nata ne, babu yayan da zai sa hannu a madadinki ba da yardarki ba. Ki kuma san maganar shuf'a: a mazhabar Malikiyya, muddin ba a raba gida an shata iyaka ba, in wani magaji ya sayar da kasonsa ga bare, abokan tarayyarsa na da haƙƙin su karɓe shi a kan kuɗin da aka yi ciniki. Sai dai kada in ɓoye miki ɗaya gefen. In gidan ba ya rabuwa tsakanin mutum 14, alƙali na iya yin umarni a sayar a raba kuɗi. A nan abin da ya rage muku shi ne ku ce ku za ku saya a kan farashin da ya tsaya.

Saboda haka tambayar gaskiya ita ce, kuna da kuɗin fansar kason sauran, kuma akwai mai zama a ciki? Ginin ƙasa ba ya son kaɗaici. Yana buƙatar yaɓe kafin damina, a share indararo, a duba azara. In an kula da shi, a watan Afrilu za ki shiga soron ki ji kamar an sa fanka, abin da ɗakin bulo da kwano ba zai taɓa ba ki ba. In an kulle shi aka tafi, damina uku ta isa ta mai da shi kango, kun yi faɗa da 'yan'uwa a banza. In ba za ku iya riƙewa ba, ku nemi a raba cinikin: a sayar da bayan gidan, a bar zaure da soron gaba a hannun zuri'a. Na ga inda aka yi haka aka zauna lafiya. Ku fara da dattijon gidan da kowa ke jin nauyinsa kafin ku kai ga kotu.

Tambaya: Muna haƙa fandisho a wani fili da na saya a wajen gari, sai leburori suka ci karo da manyan tukwane da wasu ƙasusuwa. Birkila ya ce mu rufe bakinmu mu zuba kankare. Yaya zan yi?

Amsa: Ka tsai da aiki yau. Birkila kuɗin kwanansa yake karewa, kai za a bari da gidan. In ƙasusuwan na mutane ne, malamanmu sun ce kabari hubusi ne, wato abin da aka keɓe wa mai shi, ba a tone shi, don haka ka kira limami da mai unguwa su gani. Tukwanen kuma kada ka bari a fasa su neman zinare, kada a sayar. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta wajabta sanar da irin wannan tsintuwa cikin kwana 7, ta kuma hana cinikin kayan tarihi da wanda ba wakilin hukumar ba. Ba sai ka je Abuja ba, suna da gidan tarihi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina.

Kada ka raina abin da ke ƙarƙashin gona. Durɓi ta Kusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani tuddai ne kawai a idon mai wucewa, amma da aka haƙa su a 1907 da kuma 1992 an fito da kayan tagulla da zinare da na hauren giwa. Ka ɗauki hoton ramin yadda yake, ka rufe shi da kwano da duwatsu, ka biya leburorin kuɗin yau cikakke, ka sa mai gadi ya kwana a wurin.