Gida a cikin gari ko fuloti a bayan gari: wanne ya fi saurin yin daraja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, na ɗan tara kuɗi ina son in sa su a ƙasa. An nuna mini tsohon gida a cikin gari, an kuma nuna mini fuloti biyu a wajen Janguza, kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne ne zai fi daraja nan da shekara goma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk gidan da ka saya, abu biyu ka saya a haɗe: ƙasa da gini. Gini tsufa yake yi tun daga ranar da aka gama shi. Kwano ya yi tsatsa, silin ya yi tabon yoyo, damshi ya ci gindin bango, tsarin ɗakunan ma ya daina yayi. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita ce mai tashi. Shi ya sa za ka ga an sayi gida mai tsada a bakin titin Gidan Zoo, washegari a sa katafila a rushe shi a gina shaguna. Wurin aka saya, ba ginin ba.

A cikin gari ƙasa ta riga ta ƙare, masu nema kuma kullum ƙaruwa suke. Saboda haka farashi yana hawa a hankali, da wuya ya faɗi, kuma ana karɓar haya tun daga shekarar farko. Sai dai "cikin gari" ba abu ɗaya ba ne. Gidan da ke Nassarawa ko Bompai, mai faɗin fili da cikakkiyar takarda, daban. Gidan da ke kusa da Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, wanda za a iya mayarwa shago ko sito, shi ma daban. Amma gidan da ke can cikin lungu, inda mota ba ta shiga, kwata ke bi ta ƙofarsa, darajarsa tafiyar hawainiya take yi, domin masu kuɗin da za su iya tayawa da tsada ba sa son wurin da ba za su ajiye mota ba. Ka je da kanka ka auna faɗin layin. Idan mota biyu ba za su iya wuce juna ba, ka rage buri.

Bayan gari kuwa tsalle yake yi. Fuloti zai shekara biyar ba wanda ya taya, sai a shimfiɗa titi ko a kafa wata babbar ma'aikata, farashinsa ya ninka cikin ɗan lokaci. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo shi ya ja mutane zuwa Rijiyar Zaki da Danbare, har abin ya doshi Janguza. Haka hanyar da ta kewaye gari ta gabas ta buɗe wajajen Hotoro da Mariri. Riba mai tsoka tana wurin wanda ya saya kafin titin ya iso. Wanda ya zo bayan an zuba kwalta ya riga ya biya kuɗin titin a cikin farashi. Kuma muna gargaɗi sosai kan sayen fili saboda dillali ya ce "za a yi titi nan". Aikin da ba a ga injin a wurin ba, kada a biya kuɗinsa.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa lissafawa: faɗuwar naira. A 2019 dala tana wajen naira 360 a kasuwa, a 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar ta 2024. Ɗauki misali, mutum ya sayi gida naira miliyan 10 a 2019, ya sayar miliyan 25 a 2024. A baki ya ci ribar miliyan 15. Amma miliyan 10 ɗin farko ta kai kusan dala 28,000, miliyan 25 ɗin kuwa ba ta kai dala 17,000 ba. In ba ka son awo da dala, auna da siminti: buhu nawa kuɗin ke saye a lokacin, buhu nawa suke saye yanzu? Gidan da bai tashi fiye da yadda kaya suka tashi ba, bai yi daraja ba, lambobi ne kawai suka ƙaru.

A nan haya take da muhimmanci. Raba kuɗin hayar shekara da kuɗin da ka sayi gidan, bayan ka cire gyare-gyare da watannin da zai zauna ba kowa, don ka ga kashi nawa na kuɗinka hayar ke dawo maka da shi a shekara. Fuloti ba ya kawo ko kwabo yayin da kake jira, sai ma ya ci kuɗin katanga ko aza harsashi don kada a shigar maka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa masu haya da yawa sun fi son kusa da wurin aikinsu, wannan kuma yana danne hayar unguwanni masu nisa.

Takarda ita ce ke raba fuloti biyu da ke kallon juna. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi sai da amincewar gwamna. Fulotin da ke cikin shatar gwamnati, mai satifiket, banki yana karɓarsa jingina, manyan masu saye suna nemansa. Awon igiya, wato gonar da aka yanka aka sayar da shaidar mai unguwa ko dagaci, ya fi araha, amma sau da yawa ba a bar wa titi da magudanar ruwa isasshen wuri ba, don haka unguwar tana cika ta cushe, darajarta ta tsaya. Idan kuma gwamnati ta karɓi wurin don aikin jama'a, dokar ta fi mayar da diyya kan abin da aka gina ko aka shuka, ba kan farashin da fili ke yi a kasuwa ba. Kafin ka biya, kai lambar fulotin hukumar KANGIS, mai ajiye bayanan filaye a Kano, a bincika, ka kuma tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko wurin bai faɗa kan hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Tsohon gidan cikin gari kuwa, yawanci gidan gado ne. Tabbatar an raba gadon, kuma kowane magaji ya sa hannu, mata da waɗanda ke zaune a wani gari duka.

Ka ziyarci wuraren biyu a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Nan za ka gane filin da tsohuwar kududdufi ce aka cike, da layin da ke zama rafi. Tambayi maƙwabta zurfin da suka haƙa kafin rijiyar burtsatse ta ba da ruwa, da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka.

A ra'ayinmu, idan fulotan nan na shatar gwamnati ne, akwai gidajen da mutane ke kwana a ciki kusa da su, kuma za ka iya haƙurin shekara bakwai zuwa goma ba ka taɓa kuɗin ba, su za su fi tashi. Idan awon igiya ne a tsakiyar gonaki, gidan cikin garin kuma mota tana isa ƙofarsa, ɗauki gidan, ka ware kuɗin gyaran rufi da wayoyin wuta tun kafin ka sa ɗan haya.