Kada ka sassauta bayanin `add` don kawai ya yi aiki a kwamfutarka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce a shirinka na harshen Rust ka matsar da manuni (pointer, wato adireshin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta) da aikin `add` har ya wuce ƙarshen jeri da taku uku, ba ka karanta komai ta cikinsa ba, shirin kuma ya gudana lafiya lau. Shi ya sa kake ganin bayanin babban laburaren Rust ya yi tsauri, kana so ka aika gyara. Don Allah ka dakata tukuna, domin ni ma na taɓa faɗawa ramin nan.

A wani aiki da na yi na karanta fakitin bayanai, tsawon saƙo yana zuwa ne daga kan fakitin. Sai na rubuta sharaɗi: idan `p.add(n)`, wato manuni `p` da aka matsar da tsawon saƙon `n`, ya fi `p` ƙanƙanta, to lissafi ya zagayo, a jefar da fakitin. Lokacin gwaji yana kamawa sarai. Da muka harhaɗa sigar da za a saki, sharaɗin ya ɓace ɓat. Kwana biyu ina zaune gaban allo har idanuna suna ruwa, ina zargin kowa ban da kaina. Ashe laifina ne, kuma a rubuce yake a bayanin da na raina.

Ga dalili. Rust yana mayar da `add` da ɗan'uwansa `offset` zuwa umarnin LLVM mai suna `getelementptr inbounds`; LLVM shi ne injin da ke ƙarƙashin kompailan Rust, wato manhajar da ke mayar da rubutunka harshen na'ura. Wato ka yi wa kompaila alkawari cewa manunin bai fita daga cikin ma'ajiyar da aka ware masa ba. Taku ɗaya bayan na ƙarshe an yarda, tsohuwar doka ce da C ma yake da ita, amma taku biyu ya zama haram ko ba ka taɓa wurin ba. Nisan kuma, idan aka lissafa shi da bayit, dole ya shiga cikin `isize`, nau'in lamba mai girman manuni. Kompaila ya gaskata alkawarina, ya ga sharaɗina ba zai taɓa tabbata ba, ya share shi. Idan da gaske kana bukatar fita waje, `wrapping_add` na nan, don haka aka yi shi.

Saboda haka bayanin aiki mai `unsafe` irin `add`, wato wanda kompaila ya bar maka nauyin kiyaye dokokinsa, yarjejeniya ce, abin da harshen ya lamunta shi ake rubutawa. Abin da na'urarka ta yi yau ba hujja ba ce.

Wannan ba ya nufin bayanin ba ya canzawa. A 2024 an amince cewa matsar da manuni da sifili halas ne ko da ba ya nuna wata ma'ajiya, aikin da Ralf Jung, ɗaya daga cikin masu tsara dokokin Rust, ya jagoranta. Amma duba yadda aka bi: sai da aka tabbatar kompaila zai cika alkawarin, ƙungiyar da ke kula da dokokin harshen ta yarda, sannan aka taɓa rubutun. Dalilin taka-tsantsan shi ne da zarar an sassauta doka mutane za su gina a kanta, kuma ba a iya janyewa sai an rushe musu gini.

Idan kana son taimakawa, kuma ina fata za ka taimaka, akwai aiki jingim. Bayanin nan yana maimaituwa a nau'o'in manuni uku: `*const T`, da `*mut T`, da `NonNull`. Sau da yawa mai gyara yakan taɓa ɗaya ya manta sauran, sai kalmomin su saɓa. Buɗe su gefe da gefe ka bi layi-layi. Ka kuma lura da ma'auni: `add` yana ƙirga adadin `T` ne, wato nau'in abin da manunin ke nunawa, `byte_add` da ya tabbata a Rust 1.75 shi ke ƙirga bayit. Kalma ɗaya da aka zame a nan tana iya ninka nisan sau takwas a kan `u64`, lamba mai bayit takwas.

Misalan da ke cikin bayani ana gudanar da su a matsayin gwaji, amma wucewar gwaji ba ta nuna ba a karya doka ba. Ɗauki misalinka na taku uku ka sa shi a `cargo miri test`, umarnin da ke gudanar da Miri, manhajar da ke kama irin wannan karya doka. Miri zai tsaya daidai kan layin `add` ɗin, ya gaya maka girman ma'ajiyar da inda ka wuce iyaka. Ka dawo mana da abin da ya nuna maka, mu duba tare.