Amsa: Furojet kan manhajar manoman da ba su yi boko ba

Malam, tambayarka ita ce wai furojet ɗinka na ƙera manhajar farashin hatsi wa manoma zai karɓu a matsayin bincike ko kuwa kodin ne kawai, wato rubuta manhaja. Zai karɓu mana, amma sai ka gwada ta a hannun mutane, nan ne binciken yake.

An daɗe ana wannan aikin. Indrani Medhi ta Microsoft Research a Indiya ta yi nazari kan manhaja marar rubutu, ta gano zane da murya sun fi yi wa wanda bai iya karatu ba amfani, kuma menu cikin menu yana rikita su sosai, amma lambobi da yawansu suna ganewa. Sai Avaaj Otalo a Gujarat, layin waya ne da manomi zai kira ya bar tambaya da baki, can ma an ga danna lamba ya fi musu sauƙi kan yi wa na'ura magana.

To ka je kasuwar Gujungu ka duba wayar da ke aljihun dattijo mai awon gero, ƴar rakani masallaci ce, gilashin ya tsage, an ɗaure bayan da roba, caji ma sai wajen mai janareta. In ka yi ta Android kaɗai wa ka yi wa?

Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da manhaja, ya nuna mutum 5 sun isa su tono yawancin matsalolin amfani da ita a zagayen gwaji ɗaya. Ka miƙa musu wayar, ka ce su nemo farashin wake, ka yi shiru kana rubutawa, kar ka taya su ko da kunya ta kama ka. Kuma ka nemi izinin mai gari tukuna.