Fatawa: Hukuncin Fara Ginin Masallaci Kafin Samun Famit

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ne ma'ajin kwamitin wani masallacin unguwa a gefen Aboabo, nan Kumasi. Wani bawan Allah ya ba mu fili, mun tara kuɗi, muna so mu gina bene: shaguna da makarantar allo a ƙasa, masallaci a sama. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a zuba harsashi yanzu kafin siminti ya ƙara tsada, domin ɗakin Allah ba ya jiran izinin kowa. Wasu sun ce sai famit, wato takardar izinin gini daga hukuma, ya fito. Akwai kuma wanda ya ce ya san wanda za a ba wani abu takarda ta fito cikin sati guda. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Allah ya karɓi niyyarku, Alhaji, ya sa ku cikin waɗanda hadisin Usman ɗan Affan ya yi wa bushara, cewa wanda ya gina masallaci don Allah, Allah zai gina masa gida a Aljanna.

Abin da nake gani shi ne bai halatta ku fara wannan gini ba sai takardun fili sun tabbata kuma famit ya fito, kuma wanda ya kashe kuɗin jama'a kafin haka, alhali ya san abin da zai iya biyo baya, ya yi sakaci da amana.

Mu fara da filin, domin a nan ne mafi yawan masallatan zango suke samun matsala. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina, wurin da ya zaɓa don masallaci na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, kuma Bukhari ya ruwaito cewa sun so su ba shi kyauta ya ƙi, sai da ya saya. Girman masallaci bai sa an tsallake haƙƙin mai ƙasa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito kuma cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. To a Kumasi galibin ƙasa ta sarauta ce, sarkin yanki ne yake bayar da takardar rabo, a kai ta ofishin filaye na Sarkin Ashanti a Manhiya, sannan a yi rajista a Hukumar Filaye. Saboda haka ku bincika ko wanda ya ba ku filin shi kaɗai ne mai shi ko gadon da ba a raba ba ne, domin kyautar mutum ba ta wuce rabonsa. Tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa mutum ƙasar sarauta har abada, haya ce ta shekaru, amma wannan bai ɓata waƙafi ba a mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ta inganta waƙafin abin da aka mallaki amfaninsa ko da ta hanyar haya ne. Ina kuma ba ku shawara kada a rubuta takardar da sunan mutum ɗaya, ko da limami ne, a rubuta da sunan amintattu ko ƙungiya mai rajista, don kada wata rana magada su ce gidan ubansu ne.

Sai maganar famit. Masu cewa ɗakin Allah ba ya jiran izinin kowa sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ba izinin yin sallah kuke nema wurin hukuma ba, da haka ne da na ce ba ta da wannan iko. Abin da majalisar yanki take dubawa, kuma Aboabo tana ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong ne tun 2012, shi ne ko ginin ya shiga hanya, ko ya hau magudanar ruwa, ko ginshiƙai da rodi za su ɗauki nauyin benen da ɗaruruwan mutane za su tsaya a kansa sahu-sahu, ko akwai ƙofar da za a fita idan gobara ta tashi. Duk wannan shari'a ta riga doka nemansa a cikin hadisin da Imamu Malik ya ruwaito: babu cuta babu cutarwa. Annabi da kansa ya yanke cewa idan aka yi saɓani kan hanya a bar mata kamu bakwai, wanda ke nuna cewa tsara gari da kiyaye hanyar mutane aikin mai mulki ne tun farkon Musulunci. Kasancewar gwamnati ba ta Musulunci ba ce bai canja komai a nan ba, tunda dokar ba ta umurci saɓon Allah ba, kuma zama ɗan ƙasa alkawari ne, Allah kuwa ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura.

Wanda ya zauna kusa da rafin Aboabo ya san yadda damina take yi da gidajen da aka gina a bakin ruwa. A watan Oktoba na 2020 kuma wani ginin coci mai hawa da ba a kammala ba ya rufta a Akyem Batabi, mutane fiye da 20 suka mutu. Siminti bai san masallaci ba, bai san coci ba.

Ga kuma amanar kuɗi, wadda ta fi shafarka kai ma'aji. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta hana fara gini ba tare da rubutaccen izini ba, ta kuma ba majalisa ikon dakatar da shi ko rushe shi. Kowa ya ga bangon da aka shafa wa jan fenti ana cewa a tsai da aiki a kawo famit, bulo yana baƙi, rodi yana tsatsa shekara da shekaru. Kuɗin da za ku binne a irin wannan bango sidi biyar-biyar ne na mai koko da ɗan dako da tsohuwar da ta kwance bakin zani ranar Juma'a, kuma Annabi ya hana tozarta dukiya. Tsadar siminti ba uzuri ba ce, domin za ku iya buga bulo ku tara, ku sayi rodi ku ajiye, kafin takarda ta fito. Kuɗin safiyo da mai zanen gini da injiniya da na hukumar kashe gobara da ta kare muhalli halal ne a fitar da su daga asusun ginin, tunda abin da aikin ba ya cika sai da shi yana ɗaukar hukuncin aikin.

Bayar da wani abu don a sa hannu ba tare da dubawa ba rashawa ce, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito la'anar mai bayarwa da mai karɓa. Sauƙin da wasu malamai suka yi ga wanda aka danne wa haƙƙi bai shafe ku ba, domin ba ku ma shigar da takarda ba tukuna. Ku biya abin da ake ba da rasit a kansa kawai, idan aka ja muku rai ku tafi da Sarkin Zango ko ɗan majalisar unguwa.

Shaguna da makaranta a ƙasa, masallaci a sama, ya halatta idan da wannan niyya aka yi waƙafin tun farko, kuma kuɗin haya ya koma ga masallacin. Abin da Malikiyya suka hana shi ne a yi gidan zama da iyali a saman masallaci. Sai dai ku tuna da tsofaffi da guragu da ba za su iya hawa matakala ba, ku ware musu wuri ko hanyar hawa, ku kuma ba mata ƙofa da wurin alwala nasu. Alƙibla a Kumasi ba gabas sak ba ce, tana wajen digiri 65 daga arewa, wato gabas mai karkata arewa, don haka a sa ta cikin zane tun kafin a ja igiya, kada a gama gini ana karkata tabarmi.

Masallatan da aka riga aka gina ba famit kuwa, in dai filin ba na ƙwace ba ne, sallah a cikinsu ta inganta kuma babu laifi a kan masallata, amma ya wajaba kwamitocinsu su kira injiniya ya duba ginin, su nemi a daidaita musu takardu. Allah ne mafi sani.