Amsa ga yarona kan neman kuɗin zamanin Turawa da kayan soja a ƙasa

Yarona, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka ce tun da ka fara fita da na'urar gano ƙarfe a ƙasa kai kaɗai abin da kake tonowa bai wuce ƙusoshi da marafan kwalba da guntayen gwangwani ba, saboda haka kana son ka ƙara maɓallin tacewa har ta daina kuka sai a kan azurfa da jan ƙarfe, kuma kana shawarar barin gonakin da na nuna maka ka nufi filin yaƙin Burmi, inda kake jin lalle za a samu kayan soja. Ban goyi bayan ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu ba, kuma ga dalilaina.

Na'ura ba ta ganin abin da ke cikin ƙasa. Faifan da ke ƙasanta yana aika maganaɗisu ne, ƙarfen da ke binne ya amsa, ita kuma ta auna amsar ta ba ka sauti da lamba. Baƙin ƙarfe yana ba da murya mai kauri da lamba ƙarama, azurfa da jan ƙarfe suna ba da murya siririya da lamba babba, sauran ƙarafa kuma suna tsakani. To, yawancin ƙananan kuɗin da Turawa suka buga wa Afirka ta Yamma a tsakanin nan suke, kuma lambarsu ta fi kusa da ta baƙin ƙarfe. Anini da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo masu huji a tsakiya, waɗanda ke da tauraro mai tsini shida a baya da rubutun Larabci a gaba, an yi su ne da gamin jan ƙarfe da nikel har zuwa 1952, lokacin da aka koma buga su da jar tagulla. Gamin nan na nikel raunin amsa gare shi, don haka lambarsa tana faɗowa daidai inda takardar sigari mai ƙyalli da kunnen gwangwanin lemo suke faɗowa. Ranar da ka ƙara tacewa don ka huta da sharar alminiyam, ranar ka kurmantar da na'urarka ga kusan dukkan aninai da kwabban da aka yi ciniki da su a ƙasar nan shekara arba'in da ɗoriya. Aninin farko ma, na 1907, da alminiyam ɗin kansa aka buga shi, kuma da ƙyar yake fitowa daga ƙasa da kyan gani saboda yadda take cin sa.

Azurfar da kake kwaɗayi kuwa 'yar kaɗan ce. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, amma zuwa 1920 ta koma gamin tagulla saboda tsadar azurfa. Mutane kuma ba su yi sakaci da na azurfar ba: wanda ya yar da sule yakan tsaya ya share wurin har ya gan shi, wasu sun kai wa maƙeran fari an narkar an yi zobe da warwaro. Wanda ya yar da anini a cikin turmutsutsun kasuwa shi ne yake haƙura ya wuce. Abin da ƙasa ta riƙe mana ke nan, kuma shi za ka koya wa kunnenka.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka sake fita. Ka samu fili mai tsabta a bayan gida, ka bi shi da na'ura ka tabbatar babu komai, sannan ka binne anini da kwabon nikel da kwabon tagulla da sule da marfin kwalba da ƙusa mai tsatsa, kowanne a raminsa, zurfin rabin taƙi, da tazarar taku biyu a tsakani. Ka rage tacewa har ya zama baƙin ƙarfe kaɗai take kashewa, ko ma ka bar shi yana fitowa da muryarsa mai kauri. Ka riƙa wuce faifan a kan kowanne daga gabas zuwa yamma, sannan ka juya ka wuce daga kudu zuwa arewa. Za ka ji cewa kuɗi, saboda zagaye yake kuma a kwance, amsa ɗaya yake bayarwa ta kowace fuska, gajeriya mai tsabta, shi kuwa marfin kwalba muryarsa tana karyewa a gefe, ƙusa kuma takan yi kuka sau biyu idan ka bi tsawonta. Faifan ya kasance dab da ƙasa, kada ka ɗaga shi a ƙarshen lilo, kuma kowane lilo ya hau rabin na baya. Gaggawar da na ga kana yi ita ce ke sa muryar ƙusa ta danne muryar kwabon da ke kusa da ita.

Akwai kuma maganar ƙasar kanta. Jan gargari da marmara suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, shi ya sa na'ura ke surutu a kansu ko babu komai, kuma dole ka daidaita ta da ƙasa duk lokacin da ka tashi daga jigawa zuwa jar ƙasa. Kada ka ari injin masu neman zinariya, irin wanda aka yi ta kaiwa Jado, a arewacin Nijar, tun 2014, da sunan ya fi zurfi. Yana da zurfi, amma bai iya bambance ƙusa da kuɗi sosai ba, kuma a tsohuwar kasuwa zai sa ka wuni kana haƙa rami a kan kofaton ƙarfe da guntun garma. Kuɗin da muke nema da wuya ya wuce zurfin taƙi guda.

Amma duk wannan rabin aikin ne, kuma ƙaramin rabin. Babban shi ne sanin inda kuɗi ya sauya hannu, domin a nan yake zuba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, kuma ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos ya yi aiki har 1957 kafin a rufe shi. Duk inda aka yi tasha an yi masu sayar da abinci, an yi 'yan dako da ake sallama da kwabbai, an yi sikelin gyaɗa ko na auduga inda akawu ke ƙirga wa manomi kuɗi a tsaye, jama'a na turereniya. Haka nan wuraren fito a bakin gulbi, da zangon fatake, da bakin tsofaffin rijiyoyi, da gindin itacen da dagaci ke zama ana karɓar haraji da jangali. Babu taswirar da za ta nuna maka waɗannan kamar yadda tsoffin gari za su nuna maka. Ka zauna da su bayan la'asar, ka tambaye su inda kasuwa take ci kafin a tashe ta zuwa bakin kwalta, domin kasuwanni da yawa sun bi hanyar mota sun bar wurinsu na asali ya zama gona.

Idan ka isa wurin, ka bar na'urar a kashe tukuna ka yi yawo da idonka. Tsohuwar kuka ko tsamiya a tsakiyar gona, tudun toka mai launin baƙi-baƙi, tsingaro da yawa a kan kunya, fasasshen tangaran, bakin karofin da ya cike, duk shaida ce cewa mutane sun daɗe a nan. Farin wuri ma, wato kuɗin da, shaida ne babba, ko da yake na'ura ba ta jin sa: inda ka ga farin wuri mai fasasshen baya yana leƙowa bayan ruwan farko, an yi ciniki a wurin tun kafin kwabo ya kore shi, kuma sau da yawa kwabon yana nan kusa. Lokacin da ya fi shi ne bayan an kwashe amfanin gona, ko farkon damina kafin shuka, sa'ad da ƙasa ta jiƙa kuma ruwa ya wanke kunyoyi.

Sai maganar Burmi. A can, kusa da Bajoga, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mutanen da suka bi shi hijira, kuma jikokinsu suna nan har ƙasar Sudan suna tunawa da ranar. Filin nan maƙabarta ce, kuma ni ba na sa magirbi a kan kabari, ba kuma zan koya wa kowa ya sa ba. Haka na ɗauki Satiru ta kusa da Sakkwato, wadda Turawa suka rushe a 1906, da duk wani wurin da aka binne mutane inda suka faɗi. Ko da ka ajiye maganar alfarmar mamata, inda kowane harsashi ya kwanta a irin wannan fili labari ne na inda sojoji suka tsaya da inda suka dosa, kuma wanda ya tsince su ya zuba a aljihu ɗaya ya goge labarin har abada. Wannan aikin masana binciken tarihi ne masu izini, idan sun gayyace mu mu riƙe musu na'ura, sai mu je da ladabi.

Kayan soja suna fitowa a wasu wuraren da ba su da wannan nauyi, kamar inda rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1897, ta yi sansani na wucin gadi, da kewayen tsofaffin gidajen saukar baƙi na Turawan mulki, da kufan gidajen tsoffin sojoji. Abin da za ka fi samu shi ne kwanson harsashi da maɓallan riga da ƙarfen ɗamara da tambarin hula mai hoton itacen kwakwa. Idan ka samu kwanso, ka share gindinsa da yatsa ka duba haruffan da ke zagaye da shi, domin su ke nuna masana'antar da ta yi shi, na baya-bayan nan kuma har da shekara. Ka kula da lambar yabo musamman. Wadda aka bai wa sojojin yaƙe-yaƙen farko tana da ɗan ƙarfe a sama mai rubutun Arewacin Nijeriya da shekara, kamar 1903 ko 1906, kuma a bakinta akan sassaƙa suna da lambar sojan, abin da ke nufin tana iya samun iyalin da suka fi ka haƙƙi a kanta. Abu guda kuma ban yarda ka yi shawara da kanka a kai ba: idan ƙarfe mai tsawo da nauyi ya bayyana, mai tsini ko mai zoben jan ƙarfe a gindi, ka ajiye magirbi, kada ka ƙwanƙwasa shi, kada ka ɗaga shi, ka sa alama daga nesa, ka hana yara zuwa, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Harsashin igwa da gurneti ba sa mutuwa don sun yi tsatsa.

Doka ma tana da magana a nan. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izinin hukumar da yardar gwamnatin jiha ba, ta kuma hana sayar da su ga wanda ba wakilinta ba da fitar da su waje. Saboda haka takarda tana gaba da na'ura, sannan izinin mai gona da sanin dagaci. Ba ma taɓa ganuwa, ba ma shiga harabar dogo, kuma idan abin da ya fito ya girmi zamanin Turawa, kamar tukunya cike da wuri ko kayan tagulla na sarauta, sai a tsaya a kira ma'aikatan gidan tarihi mafi kusa, ko na Gidan Makama a Kano ko na Kaduna ko na Jos. Kowane rami ka mayar da ƙasarsa ka taka, ka tafi da sharar da ka tono, domin ƙafar saniya ɗaya da ta gurɗe a raminka ta isa ta rufe mana gonakin ƙauye gaba ɗaya.

Game da kuɗin da za ka fara samu, kada ka sa rai da arziki. An buga masu hujin nan da yawan gaske, har na sha samun anini da ƙusar kwano soke a hujinsa, inda kafinta ya mai da shi matashin ƙusa. Na 1936 masu sunan Sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a kan gadon sarauta ba, suna da daɗin labari amma ba su da wuyar samu. Babbar azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya kuma, kusan duk wadda ka gani 1780 ce a jikinta, domin an yi ta sake buga ta da shekarar nan, don haka kada wani ya ruɗe ka da tsufanta. Ɗan darajar da kuɗi ke da ita tana cikin fuskarsa, kuma lemon tsami da toka da soson ƙarfe da ruwan batir suna cinye ta cikin minti ɗaya. Ruwa mai tsabta da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa, sai tsinke don fitar da ƙasar da ta maƙale a cikin rubutu, a shanya a inuwa, a sa kowanne a ambulan takarda dabam. Wanda ka ga yana fitar da koren gari mai haske ka ware shi daga sauran, domin tagullarsa tana ci gaba da ruɓewa. A bayan ambulan ka rubuta ranar, da sunan gonar, da zurfin, da alamar wurin da wayarka ta ba ka, ka kuma duba ƙaramin harafi H ko KN a jikin kuɗin ka rubuta, domin su ke nuna wace masana'anta ce a Birmingham ta buga shi. Ranar Juma'a bayan masallaci ka zo mini da ambulan ɗin da littafinka, sannan mu je bayan gida in rufe maka fuskar na'urar da ƙyalle, ka gaya mini da kunne kaɗai wane rami ne na anini, wanne ne na marfin kwalba.