Hotunan Sallah suna fita da duhu: laifin waya ne ko na haske?

Tambaya: Malam, duk Sallah muna taruwa a gidan kakarmu a Agege, mun fi mu ashirin. Hoton da na ɗauka a falo, fuskoki sun yi duhu, farar shaddar maza kuma tana ƙyalli har aikin wuyan ba ya fitowa. Tecno nake riƙe da ita. In je Computer Village, kasuwar waya ta Legas, in canza ne?

Amsa: Hajiya, adana kuɗinki tukuna. Kyamarar waya tana auna hasken wurin gaba ɗaya ne, ta nemi tsaka-tsaki. Idan fararen kaya sun cika hoton, ko taga tana bayan mutane, sai ta ga kamar haske ya yi yawa, ta rage, fuskoki su dushe. Ko mai tsadar ma tana iya yi miki haka.

Ki fara da goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi. Gumin Legas da maiƙon naman Sallah suna shafe shi, shi ne hazon da kike gani kewaye da fitilu. Sannan ki juya mutanen su fuskanci taga, ke ki ba ta baya. Ki taɓa fuskar mutum ɗaya a allon wayar. Alamar rana za ta fito a gefe. Ja ta sama kaɗan har fuska ta bayyana, ki tsaya kafin aikin shaddar ya ɓace.

In a waje ne, ki guji ranar tsaka, domin tana sa inuwa a ƙarƙashin idanu, hula kuma ta rufe goshi. Da dawowa daga Idi, ko bayan la'asar wajen ƙarfe 5, ya fi. Ki kula da rumfar haya ma: ja ko shuɗiya tana rina fuska da launinta. A tsaya a bakinta, ko a inuwar bango.

Wajen jera mutane, dattawa a kujera, matasa a tsaye bayansu, yara a ƙasa. Ki ja da baya maimakon danna 0.5, maɓallin da ke faɗaɗa hoto, saboda yana miƙe fuskar waɗanda ke gefe. Ki ɗauka sau 5 ko 6 a jere, ba a rasa mai ƙifta ido. Kuma a tambayi matan gida kafin a ɗauke su, balle a yaɗa. Wannan haƙƙinsu ne.

Tambaya: A Idi-Araba nake. Da daddare in an ɗauke wuta nakan kunna filas, amma na gaba su yi fari fat, na baya ba a ganinsu.

Amsa: Malam, filas ɗin waya bai cika wuce mita 2 ba, don haka ba na taro ba ne. Kashe shi. Samo fitila mai caji ka haska farin bango ko silin, hasken ya dawo kan jama'a a hankali. Sai ka zaɓi yanayin dare, wanda Tecno da Infinix ke kira Super Night. Yana haɗa hotuna da yawa cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, shi ya sa dole ka manne gwiwar hannu a jikinka, kowa ya tsaya cak. Yaron da ya motsa zai fito dishi-dishi.

Tambaya: Hoto na da kyau a wayata, amma in na tura wa 'yan'uwa Kano ta WhatsApp sai ya lalace.

Amsa: WhatsApp ne ke matse shi don rage cin data. Tun 2023 akwai alamar HD, mai rage matse hoto, a saman hoton kafin ka tura, danna ta. Wanda za a wanke a rataye a bango kuwa, tura shi ta Document, zai isa yadda ka ɗauke shi, sai dai ya fi cin data.